Tsohuwar kwamfuta da sabuwar manhaja

A garuruwan Arewa, kamar Dogon Dutsi da Tibiri, wasu gidaje suna da kwamfuta, wadda ake kuma ce wa ordinater. Yawancinsu tsofaffi ne, an sayo su hannu na biyu. Idan kwamfuta ta fara nauyi, sai a ajiye ta a ce ta mutu. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau, babbar manhajarsa ce ta tsufa.

Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da kwamfuta duka. Kamar uwargida take, wadda ke raba aiki a cikin gida. Wadda aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft, kuma ta kuɗi ce. A ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina kula da Windows 10 kyauta, ga shi tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11.

Amma akwai wata babbar manhaja ta kyauta, sunanta Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991. Bai ɓoye yadda ya rubuta ta ba. Kowa yana da izinin ya duba, ya gyara, ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa. Wayoyin Android ma a kanta aka gina su. Linux iri-iri ce: akwai Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Linux Mint, wadda ta fito a 2006.

Ga yadda ake sa ta. Da farko a kwashe hotuna da takardu duka, a ajiye su wani wuri dabam. Wannan shi ne mafi muhimmanci, domin sa sabuwar manhaja yana iya shafe duk abin da ke cikin kwamfuta.

Na biyu, a sauko da Linux daga intanet, a rubuta ta a kan kile USB mai giga 8, da wata ƙaramar manhaja kamar Rufus.

Na uku, a cika batir. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kwamfuta ta mutu, tilas a sake daga farko.

Na huɗu, a sa kile, a kunna kwamfuta, a danna maɓallin da ke sa ta tashi daga kile. A wasu F12 ne, a wasu F9. Linux za ta buɗe ba tare da ta taɓa kome ba. Nan sai a gwada sauti da intanet. In sun yi daidai, a zaɓi harshe da lokaci, a rubuta suna da kalmar sirri, a bar ta ta shiga.

Da an gama, ana iya rubutu da lissafi da LibreOffice, ita ma kyauta ce. Linux tana da tsarin rubutun Hausa, mai haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ɗalibi zai rubuta "ƙasa" ba ta zama "kasa" ba.

Kile ɗaya ya isa kwamfutoci da yawa. Wanda ya yi aiki a Dogon Dutsi yau, gobe ana iya kai shi Matankari ko Kore Mai Ruwa, ba a sake biyan kuɗin intanet ba, ba a kuma karya doka ba.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin babbar manhaja?
2. Don me ake kwashe takardu tun da farko?
3. Me ya sa kwafar Linux ba sata ba ce?