Hoton ƙwaƙwalwa da lissafi ke zanawa

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya Asibitin Murtala, nan dab da Shahuci, ya san jumlar nan ta "a je a yi hoto". Hoton ƙirji, hoton ciki, in abin ya yi tsanani a ce CT ko MRI. Duk siffar abin da ke cikin jiki suke nunawa. Amma akwai mai farfaɗiyar da za a yi wa MRI a ga ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, alhali bai daina faɗuwa ba. To a nan ake neman PET, hoton da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki.

Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 na kuzarinsa, kuma sukari ne abincinta. Sai a yi wa mutum allurar wani sukari, FDG, wanda aka maƙala wa sinadarin fulorin-18. Gurbin da farfaɗiya ke tasowa yakan rage shan sukari tsakanin faɗuwa da faɗuwa. In aka gano gurbin, likitan tiyata ya san inda zai dosa.

Ta yaya na'ura ke ganin sukarin? Fulorin-18 na sakin wata ƙwaya, fositiron. Da ta yi karo da ilektiron sai su ɓace, haske biyu da ido ba ya gani su fito, ɗaya nan ɗaya can, suna ba juna baya. Kewaye da kan mutum akwai zobe na dubban ƙananan duwatsu masu kama da gilashi, irin su LYSO. Hasken na shiga dutse sai ya yi ƙyas, na'urar silikon da ke bayansa ta mai da ƙyallin siginar lantarki. In duwatsu biyu suka ƙyalla lokaci guda, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu: sukarin yana wani wuri a kan layin nan.

Ka ga ke nan ba kyamara a ciki, miliyoyin layuka ne kawai. A 1982 Shepp da Vardi suka fito da hanyar haɗa su: kwamfuta ta yi kintacen hoto, ta lissafa layukan da zai bayar, ta gwada da na gaske, ta gyara, ta sake. A 1994 Hudson da Larkin suka rage wa aikin jinkiri ta hanyar kasa layukan rukuni-rukuni.

Matsalar ita ce wasu sassan ƙwaƙwalwa 'yan milimita ne. Na'urar jiki duka takan bambance abu mai milimita 4 zuwa 5. Ta kai kuwa ana matse zobenta don ta kama haske da yawa, amma sai hasken da ya taso daga gefe ya shiga dutse a karkace, ya zarce cikin na maƙwabta, layi ya kauce. Na'urar HRRT ta jera duwatsun hawa biyu don a san zurfin da haske ya tsaya, ta kai wajen milimita 2.5.

Wata dabarar agogo ce. A ce adaidaita biyu sun tashi daga Shahuci da gudu iri ɗaya, wannan ya nufi Ƙofar Mata, wancan Kabuga. Na Ƙofar Mata zai riga isa, kuma daga tazarar lokacin za ka san inda suka taso. Haka ake yi wa hasken, sai dai shi santimita 30 yake ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

Me ya sa PET ba ta yaɗu kamar CT ba? Rabin ƙarfin fulorin-18 na tafiya duk bayan minti 110. In an ɗauko shi daga Legas a mota, bayan awa 11 kashi ɗaya cikin 64 ya rage, kuma ba a iso Kano ba tukuna. Dole injin da ke ƙera shi, saikulotiron, ya zama a kusa, da wutar da ba ta ƙiftawa, da masu kula da shi kullum.

'Yan uwa ɗalibai, waɗannan masu kular ba likitoci ba ne. 'Yan lantarki ne, da 'yan kwamfuta, da 'yan dakin gwaji. Darasin sigina da lissafin da muke hamma a kansu, su ne ainihin kayan cikin na'urar nan.