Yadda Rigimar Kwangila Kan Ƙare a Hannun Lauyoyin London

Galibin ma'aikatanmu idan an kawo musu takardar kwangila, abin da sukan fara dubawa shi ne yawan kuɗi da ranar gama aiki. Ba kasafai akan tsaya a kan ɗan sakin layin nan na can ƙarshe ba, wanda ya faɗi inda za a kai ƙara in rigima ta tashi. Alhali kuwa manyan kamfanonin lauyoyi na London da New York da Paris kowannensu yana da sashe guda na masu bin irin wannan rigima, kuma sa'a-sa'a suke lissafin ladansu.

Irin wannan jayayya ba lalle ta fara daga kotu ba. Akan naɗa alƙalan sulhu, yawanci mutum uku, su saurari shari'ar a asirce. Hukuncinsu ba abin wasa ba ne, domin bisa yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970, wanda ya yi nasara yana iya zuwa wata ƙasa ya nemi kotu ta kama dukiyar wanda aka kayar.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A watan Janairu na 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta ƙulla kwangilar shekara 20 da wani ƙaramin kamfani mai suna P&ID, a kan zai gina masana'antar tace iskar gas a Kalaba, Gwamnati kuma ta ba shi iskar. Ba a aza ko tubali ɗaya ba, iskar ma ba ta zo ba. A 2012 kamfanin ya kai ƙara, kana a Janairun 2017 alƙalan sulhu a London suka ce a biya shi dala miliyan dubu 6 da miliyan 600, watau ribar da ya ce da ya samu, har da ruwa na kashi 7 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin alƙalan, Cif Bayo Ojo, ya saɓa, ya ce dala miliyan 250 ta isa, amma biyu sun rinjaye shi.

Dokar Ingila ta ba da kwana 28 kacal ga mai son ƙalubalantar irin wannan hukunci. Aka bari lokacin ya wuce, ruwa yana hauhawa da fiye da dala miliyan 1 kowace rana. Sai da wata kotun London ta ba kamfanin izinin bin kuɗinsa a 2019 sannan aka farka, aka ɗauki kamfanin lauyoyi na Mishcon de Reya.

A nan ne mai karatu zai ga ainihin sana'ar mutanen nan. Mafi yawan aikin ba surutu ba ne a gaban alƙali, tonon takardu ne. Suka nemi kotunan ƙasashen waje, har da na Amurka, su sa bankuna su fito da bayanan kuɗi, suka bi sawun kowane biya. A 2020 suka samu aka ƙara wa Nijeriya lokaci. Ranar 23 ga Oktoba, 2023, bashin ya riga ya haura dala miliyan dubu 11, Mai Shari'a Robin Knowles ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin: an ba wata jami'ar shari'a ta Ma'aikatar cin hanci, kamfanin kuma ya riƙa samun takardun sirri na lauyoyin Nijeriya yayin da ake shari'ar. Alƙalin bai kuma ɓoye cewa an yi sakaci wajen kare ƙasar tun farko ba.

Kuɓutar ba ta zo a arha ba. Abin da Nijeriya ta kashe a kan lauyoyi ya wuce fam miliyan 40, aka kuma sake wata jayayyar a kan ko da fam za a mayar mata da shi ko da naira. Ita ma sai da ta kai Kotun Ƙoli ta Birtaniya, wadda a 2025 ta ce da fam za a biya.