Waƙoƙin Bugun Ulu a Tsibiran Sikotilan

Yawancin masu zuwa yawon buɗe ido Sikotilan iyakarsu Edinbara, musamman a watan Agusta, lokacin da sojoji masu ɗaure da buje mai zanen gida-gida ke fareti a gaban tsohuwar fadar da ke kan dutse, suna busa algaitar nan mai jakar iska. Bikin ya faro a 1950, yana kuma da ban sha'awa, amma siffar ƙasar da yake nunawa an ƙawata ta ne don idon baƙo tun ziyarar Sarki George na Huɗu a 1822, wadda marubuci Walter Scott ya tsara. Mai son jin waƙar da talakawa suka rayu da ita sai ya nausa yamma, ya hau jirgin ruwa daga Ullapool zuwa Stornoway, ko ya yi tafiyar wajen awa biyar daga Oban zuwa Barra. A waɗannan tsibirai na Hebrides, inda har yau ake jin harshen Gaelic a kanti da coci, akwai waƙoƙin mata na bugun ulu, kuma ni a ganina sun cancanci a kira su gado mai rai, duk da cewa aikin da ya haife su ya daɗe da mutuwa.

Ulun da aka sauke daga masaƙa sako-sako yake, iska da ruwan sama na ratsa shi, don haka sai an buge shi ya tsuke ya yi kauri. Aikin gayya ne na mata. Su kan jiƙa yadin da fitsarin da aka ajiye ya kwana biyu, domin shi ke cire maiƙon gashin tumaki, su haɗa bakinsa biyu ya zama da'ira, su zauna kewaye da dogon katako, wani lokaci ƙofar gida ce aka ciro aka shimfiɗa. Kowace ta damƙi yadin ta buga shi a kan katakon, ta miƙa wa ta hagunta, yadda zai riƙa zagayawa ta hanyar da rana ke bi, domin juya shi ta ɗaya ɓangaren rashin sa'a ne a wurinsu. Mace ɗaya ke bayar da waƙa, sauran suna amshi da sautuka marasa ma'ana waɗanda ke riƙe bugun. Ana farawa a hankali saboda nauyin jiƙaƙƙen yadi, sannan a ƙara sauri. Bayan 'yan waƙoƙi sai a auna faɗinsa da ɗan yatsa a ga yadda ya tsuke. Idan ya yi, sai a naɗe shi ana tafa shi da tafin hannu, a nan ne ake sako waƙoƙin tsokanar 'yan mata da sunayen samarinsu. Duk wanda ya san lugude da waƙar daka a tsakar gida zai gane yadda jiki da murya ke zama abu ɗaya a irin wannan aiki.

Akwai wata ƙa'ida da ta yi wa tarihi babban amfani: ba a maimaita waƙa a zama ɗaya. Saboda haka dole mai bayarwa ta haddace waƙoƙi da yawa, kuma ta haka baitoci masu shekaru ɗaruruwa suka tsira, na yabon shugabannin dangi, na mazan da teku ta cinye, na macen da aka yaudara aka bar ta da ciki. Abubuwan da marubutan tarihi suka tsallake, bakin mata ya adana su. Ba'amurkiya Margaret Fay Shaw ta zauna a tsibirin Uist ta Kudu daga 1929 tana rubuta abin da take ji, mijinta John Lorne Campbell ya naɗi muryoyin tsofaffi, kuma a 1951 Jami'ar Edinbara ta kafa sashe na musamman don tattara irin wannan gado, daidai lokacin da injunan masana'anta ke kammala karɓe aikin daga hannun mata.

Masu suka na cewa waƙar aiki da babu aiki wasan kwaikwayo ce kawai, mata su zauna a zauren taro suna bugun busasshen yadi don baƙi su ɗauki hoto. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin gumi da warin fitsari da gajiyar kafaɗa sun tafi. Sai dai al'adar ta taɓa sauya gida a baya ba ta mutu ba. Mutanen da aka kora daga gonakinsu a ƙarni na 18 da na 19 don a yi kiwon tumaki sun tafi da ita Cape Breton a Kanada, inda maza ma suka shiga sahun, kuma ana yi har yau. A 1992 ƙungiyar mawaƙa ta Capercaillie ta shigar da wata tsohuwar waƙar bugun ulu cikin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a Birtaniya. Bikin Fèis Bharraigh, da mutanen Barra suka kafa a 1981 don koya wa 'ya'yansu kiɗa da waƙa, ya zama abin koyi a sassan ƙasar da dama. Yaron da ya koyi amshi a wurin maƙwabciyarsa cikin harshen kakarsa ya karɓi abin ta hanyar da aka saba karɓarsa.

Abin damuwa na gaske shi ne harshen. Dokar ilimi ta 1872 ba ta ba Gaelic gurbi a makaranta ba, an kuma sha dukan yara saboda magana da shi. Ƙidayar 2011 ta sami masu jinsa kimanin 57,000 a duk Sikotilan, kuma ta 2022 ta nuna cewa a tsibiran yamma ma sun koma ƙasa da rabin jama'a. Dokar 1993 ta kare yadin Harris Tweed, ta ce sai wanda mazauna tsibiran suka saƙa da hannu a gidajensu zai ɗauki sunan, amma babu dokar da za ta tilasta wa uwa yi wa ɗanta Gaelic. A nan ne yawon buɗe ido ke da kaifi biyu: kuɗin baƙi na riƙe masaƙa da mawaƙa, yayin da gidajen da ake mayarwa masaukin hutu ke fin ƙarfin aljihun matasa, su ƙaura Gilasgo, ƙauye ya rasa waɗanda za su yi amshi.