Zungeru da Baro: Tarihin Mulkin Turawa da Wuraren Yawon Buɗe Ido a Jihar Neja

Jihar Neja ita ce mafi girman ƙasa a jihohin Nijeriya, domin faɗinta ya haura murabba'in kilomita 76,000. An ƙirƙiro ta a 1976 daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma, sa'an nan aka ƙara mata ƙasar Borgu daga Jihar Kwara a 1991. A wannan takarda muna so mu nuna cewa wuraren da ake tallata wa masu yawon buɗe ido a jihar iri biyu ne: waɗanda Allah ya halitta, da waɗanda tarihi ya bari. Na farkon ba su bukatar kowa ya tsare su. Na biyun kuwa suna rushewa a kan idonmu, alhali su ne shaidar yadda Turawan Ingilishi suka ci ƙasar Arewa.

Ta ruwa Bature ya shigo wannan yanki. Mungo Park ya halaka a kogin Kwara kusa da Busa a 1806, kuma daga Busa ɗin ne Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin har bakin teku a 1830. Da aka san hanya sai fatauci ya biyo baya, bayan fatauci kuma sai bindiga. A watan Janairu na 1897 sojojin Kamfanin Neja na Goldie suka ci Bida, Etsu Abubakar ya fita daga gari, amma da suka juya baya sai ya komo kan gadonsa. Saboda haka bayan Gwamna Lugga ya karɓi mulki daga hannun kamfanin ran 1 ga Janairu 1900, abin da ya fara sa wa ido shi ne Bida da Kwantagora. A farkon 1901 aka ci dukansu biyu. Aka tuɓe Abubakar, aka naɗa Makun Muhammadu, shi kuwa Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya yi hijira, aka kama shi daga baya, aka mai da shi sarautarsa a 1903. Ke nan shekara biyu kafin Kano da Sakkwato su faɗi, an riga an gwada a nan dabarar da za a yi wa sauran sarakuna: a tuɓe wanda ya ƙi, a naɗa wanda ya yarda, a ajiye masa Razdan a gefe.

A 1902 Lugga ya ɗauke mazauninsa daga Jabba ya koma Zungeru, a bakin kogin Kaduna. Ba birni ya tarar ba, ƙauye ne na Gwari, kuma da gangan ya zaɓe shi. Yana son wurin da jiragen ruwa za su iya kusanta, wanda kuma ba ya cikin ganuwar wani babban sarki. Aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Barijuko, inda jiragen ruwa ke tsayawa, zuwa Zungeru. Aka gina gidan Gwamna da ofisoshi da barikin soja da kurkuku. Daga nan aka shirya yaƙin Kano da Sakkwato na 1903, kuma Zungeru ce hedikwatar Arewa lokacin da aka haɗe ta da Kudu a 1914. Garin ya tara akawuna da masu sana'a daga nesa, shi ya sa a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933. Sau da yawa ɗalibanmu kan yi mamaki in muka faɗa musu wannan.

To amma abin da ya ta da Zungeru shi ne ya kwantar da ita, wato hanya. A 1907 aka soma aikin reluwe daga Baro, a bakin Kwara, ta Mina, har ya isa Kano a 1911. Baro ta zama mahaɗar jirgin ruwa da jirgin ƙasa, kayan Turai su hau, gyaɗa da auduga da fatu su sauka. Da layin Ikko ya iso ya haɗu da wannan a Mina, aka kuma gama gadar Jabba a 1916, sai kaya suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa bakin teku, Baro ta soma ja da baya. Zungeru kuwa zafi da sauro sun dami Turawa, ga Kaduna a kan layi, kusa da manyan masarautu, da isasshen ruwa. Kafin ƙarshen 1917 an kwashe hedikwata. Har 'yar gadar ƙarfen da Lugga ya kafa a Zungeru ma an ciro ta daga baya, an sake kafa ta a lambun Kaduna. Abin da ya rage sai kangaye da ginshiƙai da maƙabartar Turawa.

A nan ne muke da ja da yadda ake tallata waɗannan wurare. Takardun talla sukan ce ga gidan Lugga, ga inda Lugga ya yi kaza, kamar shi kaɗai ya zauna a garin. Ba sa faɗin waɗanda suka ɗauki ƙasa da kwando a ka. An shimfiɗa layin Baro zuwa Kano ne da aikin tilas, Razdan ya umurci sarki, sarki ya umurci hakimai da dagatai, su kuma su tattaro Nufawa da Gwari da Hausawa daga gonakinsu. Wasu na cewa don me za a kashe kuɗi a gyara kufan waɗanda suka mallake mu? Amsarmu ita ce adana shaida ba yabo ba ne. In ginshiƙan nan suka ɓace, labarin ba zai saura ba sai a rahotannin Turawan kansu, su kuwa ba don su tona asirin kansu suka rubuta ba.

Wuraren halitta ba sai mun daɗe a kansu ba, sanannu ne. Ga Dutsen Zuma kusa da Suleja, wanda ke jikin takardar naira ɗari. Ga magangarar ruwa ta Gurara, wadda ta fi ban sha'awa da damina. Ga gandun namun daji na Tafkin Kainji, mai sassa biyu, Borgu da Zugurma. Sai dai ko waɗannan ba su rabu da tarihi ba. Suleja ita ce tsohuwar Abuja, wadda sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi, ta kuma sallama sunanta ga sabon babban birnin ƙasa. A can Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane inda Ladi Kwali ta yi suna. Tafkin Kainji kuwa, da aka datse kogi a 1968, ya haɗiye tsohuwar Busa ɗungurungum, aka gina wa mutanenta sabuwa. Duk wanda yake son ganin inda Mungo Park ya ƙare, sai dai a nuna masa ruwa. Bida ma tana da maƙeran tagulla da masu sarrafa gilashi na unguwar Masaga, sana'o'in da suka riga Bature zuwa, suka kuma ga tafiyarsa.

Ba za mu ɓoye matsalar tsaro ba. Satar ɗaliban makarantar Kagara a watan Fabrairu na 2021, da hare-haren da aka sha kaiwa a yankin Shiroro, sun sa baƙo ya yi tunani sau biyu kafin ya nufi Zungeru, ga kuma lalacewar hanyoyi. Wannan ya fi ƙarfin malamin kwaleji. Amma akwai aikin da bai fi ƙarfinmu ba, ba ya kuma jiran baƙo ko kasafin gwamnati. Sassan Tarihi da na Hausa da na Labarin Ƙasa a kwalejojin ilimi suna tura ɗalibai aikin bincike kowace shekara. Muna ba da shawarar a ware wasu su auna kangayen Zungeru da Baro, su ɗauki hotunansu, su kwafe rubutun da ke jikin kaburbura, su kuma naɗi muryoyin dattawa da Nufanci da Gwaranci da Hausa. Waɗanda suka yi aikin reluwen sun daɗe da rasuwa, jikokinsu da suka ji labari daga bakinsu su ma yanzu tsofaffi ne.