Makesun Da Ke Cikin Ƙaro: Yadda Masana Suka Gano Danginsa

Makesun nan da yaran Unguwar Sanusi ke bi da gudu a daren damina, masana sun lissafa shi cikin dangin buzuzu, watau ƙwari masu taurin fukafukin sama. Sunan gidansu Lampyridae, kuma irinsu ya haura 2,000 a duniya. To, amma idan aka tono wanda irinsa ya ƙare tun kafin a yi ɗan Adam, da me za a san gidansa?

A kwarin Hukawng na arewacin ƙasar Bama akwai ƙaron itace wanda ya daskare ya yi tauri kimanin shekara miliyan 99 da suka wuce, ya kuwa adana ƙwarin da suka maƙale a ciki. A shekarar 2015 masanin nan Kazantsev ya bayyana wani makesu daga cikinsa, ya raɗa masa suna Protoluciola albertalleni. Kalmar farko ta jinsi ce, ta biyu ta iri, bisa ƙa'idar Linnaeus. A 2024 aka ƙara da Flammarionella hehaikuni. Duka biyun an sa su a reshen Luciolinae, wanda har yau yana da 'yan'uwa a Afirka.

Mataccen ƙwaro dai ba ya walƙiya. Saboda haka hujjar masana ita ce siffar jiki: gaɓoɓin ciki, da ƙahonin ji, da gurbin fitilar. Lalle a yi hattara a nan, domin Cretophengodes, wanda aka bayyana a 2021, shi ma yana da fitila, amma sauran siffarsa ta sa aka ware masa gida dabam.