Alƙali Mai Rabo a Cikin Ƙara: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Hukunta 'Yan Wasansu

 Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu leƙa wata ƙasa mai nisa domin mu duba wata mas'ala ta hukunci wadda ta daɗe tana wahalar da masu ilmi da masu mulki a can. Mas'alar kuwa ita ce: idan aka tuhumi ɗalibi da babban laifi, kamar fyaɗe ko dukan mace, alhali kuwa shi ne gwanin wasan da makarantarsa ke tinƙaho da shi, wa zai yi masa hukunci, kuma bisa wace hujja? Zancen ya shafe mu ta fuska biyu. Da fari, samarin Afirka suna zuwa waɗannan makarantu ta ƙofar wasa tun zamanin da Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya shiga Jami'ar Houston a 1980, ga kuma 'ya'yanmu maza da mata da ke karatu a can. Na biyu, duk wanda aka ɗora a kan mutane, ko a ofis ko a kasuwa, wata rana za a kawo masa ƙarar wanda yake ci da guminsa.

Dukiyar da Ke Cikin Wasa

Ba za a fahimci wannan mas'ala ba sai an san cewa wasan ɗalibai a Amurka babbar kasuwa ce. Ƙungiyar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke tsara wasannin jami'o'i fiye da dubu. A 2010 ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza a kan dala miliyan dubu 10.8 na shekara 14. A jami'o'i da dama mai horar da 'yan ƙwallo ya fi shugaban jami'ar albashi. Saboda haka ranar da aka dakatar da gwani ɗaya, akwai masu lissafin asarar da za a yi, kuma sau da yawa su ne ke zaune a kujerar hukunci.

Dokar da ta ɗora wa jami'o'i wannan nauyi ita ce wadda ake kira Sashe na Tara, ta shekarar 1972, wadda ta hana bambanci tsakanin namiji da mace a duk makarantar da ke karɓar kuɗin Gwamnatin Tarayya. Bisa fassarar da aka yi mata daga baya, wajibi ne makaranta ta binciki ƙarar cin zarafi da kanta, ko an je wurin 'yan sanda ko ba a je ba. Jami'a ba ta ɗaure mutum. Iyakar hukuncinta gargaɗi, ko dakatarwa, ko janye tallafin karatu, ko kora. Amma ga saurayin da ya jingina rayuwarsa ga wasa, kora na iya rushe masa komai. Ga yarinyar da aka zalunta kuwa, barinsa yana nufin ta riƙa haɗuwa da shi kullum a aji da ɗakin cin abinci.

Jami'ar da Ta Rufe Ido

Baylor jami'a ce ta Kiristoci mabiya ɗariƙar Baftis a garin Waco, Jihar Teksas. Ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, watau wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da shi, ta daɗe a baya, sai wani mai horarwa, Art Briles, ya ɗaga ta har ta ci kofin yankinta a 2013 da 2014, aka kuma buɗe sabon filin wasa na dala miliyan 266. Ana cikin wannan murna kotu ta ɗaure wani ɗan wasanta shekara 20 a 2014 saboda fyaɗe, kana a 2015 aka sami wani da irin wannan laifi. Da surutu ya yi yawa, jami'ar ta ɗauki lauyoyi daga waje su bincika.

Abin da aka bayyana a watan Mayu 2016 ya girgiza ƙasar. An gano cewa wasu ma'aikatan sashen ƙwallo suna ganawa da masu ƙara da kansu, suna yin nasu bincike a ɓoye, ba su kai maganar ga ofishin da doka ta ɗora wa aikin ba, kuma akwai jami'an da suka karya gwiwar masu son kai ƙara. Daga baya 'yan majalisar gudanarwar jami'ar suka faɗa wa 'yan jarida cewa mata 17 ne suka kawo kuka a kan 'yan wasa 19 tun daga 2011. Aka sallami Briles, darektan wasanni ya yi murabus, aka kuma sauke shugaban jami'ar, Kenneth Starr, mutumin da duniya ta sani da binciken Shugaba Clinton a kan lalata a 1998. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wani abin lura shi ne, a 2021 NCAA ta ce ba za ta iya hukunta Baylor a kan ɓoye waɗannan ƙararraki ba, domin babu doka a littafinta da ta yi magana a kai. Tarar dala 5,000 da sa ido na shekara huɗu da ta yanke, a kan wasu laifuffuka ne dabam.

Jami'ar da Ta Yi Gaggawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganin wannan cuta shi ne a gaskata kowace tuhuma tun kafin bincike. A watan Maris 2006, a garin Durham na Jihar Karolina ta Arewa, wata mata da 'yan wasan lakuros na Jami'ar Duke suka ɗauko domin ta yi musu rawa ta ce uku daga cikinsu sun yi mata fyaɗe. Lakuros wasa ne da ake yi da sanda mai 'yar raga a kai. Matar baƙar fata ce mai ƙaramin ƙarfi, samarin kuwa farare ne 'yan makaranta mai tsada, saboda haka gari ya ɗauki zafi, jaridu suka yi ca. Ranar 5 ga Afrilu, tun ba a gurfanar da kowa ba, shugaban jami'ar, Richard Brodhead, ya soke sauran wasannin shekarar, aka tilasta wa mai horarwa ya ajiye aiki. Washegari malamai 88 suka sa hannu a wata sanarwa wadda mutane da yawa suka fahimta a matsayin yanke hukunci.

An gwada ƙwayoyin halittar 'yan wasa 46, kuma gwajin farko bai danganta ko ɗaya daga cikinsu da jikin matar ba. Ɗaya daga cikin samari ukun ya kawo shaidar direban tasi da hoton na'urar cire kuɗi da ke nuna yana wani wuri. Duk da haka mai gabatar da ƙara, Mike Nifong, wanda ke neman a zaɓe shi a kujerarsa a lokacin, ya ci gaba, ya kuma ɓoye sakamakon gwajin da ke taimakon waɗanda ake tuhuma. Ranar 11 ga Afrilu 2007 Babban Lauyan Jihar, Roy Cooper, ya bayyana cewa samarin ba su da laifi. Aka ƙwace wa Nifong lasisin lauya, ya kwana ɗaya a kurkuku, jami'ar ta biya samarin diyya, shugabanta ya nemi gafara. A watan Disamba 2024 matar da kanta ta fito ta ce ƙarya ta yi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Taron shan giya da ɗauko 'yan rawa abin zargi ne tabbatacce, kuma da jami'ar ta tsaya ta hore su a kan wannan gwargwadonsa, da ba ta zalunci kowa ba. Kuskuren shi ne ɗaukar ƙaramin laifin da ya tabbata a mai da shi hujjar babban laifin da bai tabbata ba.

Cuta Ɗaya, Fuska Biyu

Wanda ya dubi ƙissoshin nan biyu zai zaci kishiyoyin juna ne. Lalle kuwa tushensu ɗaya. Baylor ta rufe ido domin ta tsare nasararta da kuɗinta, Duke ta yi gaggawa domin ta tsare sunanta daga bakin jama'a. A duka biyun, mai hukunci yana duban abin da zai same shi.

Malaman fiƙihu sun toshe wannan ƙofa tun da daɗewa. Alƙali ba ya hukunci ga kansa, ba ya yi wa ɗansa ko mahaifinsa, kuma ana mayar da shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko da kuwa mutumin kirki ne. Mai horar da 'yan wasa wanda albashinsa ya rataya ga ƙafar yaron da ake tuhuma ya shiga cikin wannan hukunci kai tsaye. Mun kuma san ƙissar matar nan ta ƙabilar Makhzum wadda ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi mata ceto saboda girman gidansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma danganta halakar al'ummomin da suka gabata ga irin wannan bambanci. A ɗaya ɓangaren, Suratun Nur ta sanya bulala 80 ga mai ƙazafi, domin mutuncin mutum ba abin wasa ba ne. Alƙalanmu na Malikiyya kuma sun san izari, watau ba a yanke wa mutum hukunci sai an ba shi dama ta ƙarshe ya kawo abin da zai kare kansa.

Ibn Farhun, a cikin Tabsiratul Hukkam, ya bi hanyar malaman da suka kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da nagarta, da wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kowanne da irin binciken da ya dace da shi. Sai dai a lura, gwaninta a filin wasa ba ta cikin abin da ake auna nagarta da shi. Yawan masu tafi ba ya wanke mutum, kamar yadda yawan masu ihu ba ya tabbatar masa da laifi.

Ma'aunin Hujja da Dakatarwa

Gwamnatin Amurka ta yi ta kai da komowa a kan wannan ma'auni. A 2011 ta umarci makarantu su yi hukunci da rinjayen zato, watau ɓangaren da hujjarsa ta ɗan fi nauyi shi ke da gaskiya. A 2017 aka janye wannan umarni. Ƙa'idojin 2020 suka wajabta zaman sauraro a jami'o'i inda wakilin kowane ɓangare zai yi wa ɗayan tambayoyi, suka ce a ɗauki wanda ake tuhuma ba shi da laifi har a gama, suka kuma hana mai bincike ya zama shi ne mai yanke hukunci. A 2024 aka kawo sababbin ƙa'idoji, amma wata kotun tarayya a Jihar Kentaki ta soke su a watan Janairu 2025, aka koma ga na 2020.

Wuri mafi wuya shi ne tsakanin ranar tuhuma da ranar hukunci. A watan Disamba 2023 Jami'ar Illinois ta dakatar da gwaninta na ƙwallon kwando bayan an tuhume shi da fyaɗe. A Janairu 2024 wata alƙaliyar tarayya ta mayar da shi fili, tana ganin ba a ba shi kariyar da tsarin jami'ar ke ba sauran ɗalibai ba, kuma a watan Yuni masu taimaka wa alƙali suka wanke shi. Ma'aikatan gwamnati a cikin masu karatu sun san irin wannan: ana dakatar da ma'aikaci a kan rabin albashi yayin bincike, idan ya kuɓuta a mayar masa da abin da aka riƙe. Amma ɗan wasa shekarunsa na wasa ƙidayayyu ne, kakar da ta wuce ba ta dawowa. Don haka dakatarwa ta zama gwargwadon buƙatar tsare mai ƙara da shaidu, a faɗa a fili cewa ba hukunci ba ce, a kuma hanzarta bincike.

Akwai kuma waɗanda suka nuna cewa ana iya fifita doka a kan nasara. A watan Maris 2011 Jami'ar Brigham Young ta mabiya Mormon, tana ta uku a ƙasar a ƙwallon kwando, ta dakatar da ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta saboda ya karya alkawarin kamewa da kowane ɗalibinta ke sa wa hannu. Ta sha kashi a wasan da ya biyo baya, kana ta karɓe shi a kakar da ta biyo. A 2015 ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas, SEC, ta hana 'ya'yanta ɗaukar ɗan wasan da wata jami'a ta hukunta saboda fyaɗe ko dukan mace, domin a da wanda aka kora a nan sai ya ɓulla a can da sabuwar riga.

Abin da za mu riƙe ke nan, ya 'yan'uwa. Duk hukumar da ke son ta tsira daga zaluntar mai ƙara da zaluntar wanda ake ƙara, to ta fitar da shari'ar daga hannun mai rabo a cikinta, ta rubuta dokarta tun kafin a san wanda za ta hau, ta saurari kowane ɓangare har ya ƙare, ta kuma hukunta abin da ya tabbata kaɗai. Shugaban ofis da aka kawo masa ƙarar ma'aikacinsa mafi ƙwazo, da attajirin da aka kawo masa ƙarar yaron da ke riƙe masa shago, su tambayi kansu abin da za su rasa idan ƙarar ta tabbata. In akwai, to su miƙa ta ga wani.

Allah Ya sa mu cikin masu tsayar da adalci, ko da a kan kawunanmu ne.