Bulon ya ƙi kwancewa: haƙuri ya fi ƙarfi



Yau moto ta zama jakin zamani a karkara. Ita ke kai wake da albasa kasuwa, ita ke ɗauko taki, ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Amma ɗan ƙarfe wanda bai fi yatsa ba yana iya tsaida ta kwana biyu. Shi ne bulon ko noti da ya cije ya ƙi kwancewa.

Abin da ya same ni

Bara ruwan shuka ya sauka daren Laraba. Da safe na ɗaure buhun irin hatsi HKP bayan moto, zan kai ma wata ƙungiyar manoma arewa da Tasawa. Tsakiyar hanya robar cikin tayar baya ta yage, ba ta ɗaukar faci. Ina da sabuwa cikin jaka, sai dai a fidda ƙafar. Babban notin ya ƙi motsi. Na sa kile mai buɗewa da rufewa, na taka shi da ƙafa. Kilen ya zame, ya cinye kusurwoyin notin. Tura moton na yi har gari na gaba. Can wani tsohon maƙeri ya jiƙa notin da kananzir ya kwana, da safe ya gyara mashi fuska da magagari, ya ɗumama shi, ya fito. Iri bai isa ba sai Juma'a da marece, laima ta fara gudu. Wasu sun shuka haka nan, wasu sunka jira wani ruwa. Laifina ne, ba na moto ba.

Mi ke sa bulon ya cije?

Babban dalili tsatsa ce. In ruwa da iska sunka haɗu bisa ƙarfe, tsatsa ta kan fito, kuma ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Sai ta cike layin nan da ya kewaye jikin bulon, mu kira shi zare, ta toshe shi.

Mu manoma muna da wani dalili na biyu, shi ne takin zamani. Ure da 15-15-15 suna jawo laima, suna cin ƙarfe da sauri. Garin da ya zube daga buhu bisa ƙafar baya, shi ne tsatsar gobe.

Na uku, jikin injin da alminiyo aka yi shi, farin ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. In bulon na baƙin ƙarfe ya daɗe cikinsa, wani farin gari ya kan fito tsakaninsu ya liƙe su. Ga kuma zafi wajen salansa, ga ɗauri da ya wuce kima.

Yadda za a kwance shi

1. Share wurin. A goge ƙasa da tsatsa da buroshin waya, zaren ya fito fili.

2. Jiƙa shi. A ɗiga kananzir ko gazuwal, ko man fesawa da ake saidawa wurin masu kayan moto. A bari ya shiga. In ba sauri, ya kwana. Man da aka zuba yanzu aka juya yanzu bai yi aikin komi ba.

3. Ƙwanƙwasa shi. A ɗan bugi kan bulon da ƙaramar guduma sau goma ko ashirin. Girgizar ce ke fasa tsatsa, mai ya samu hanya. Kada a bugi zaren, ya kan lalace.

4. Zaɓi kile daidai. Kowane kile da lambarsa a jiki: 8, 10, 12, 14, 17, 19. Lambar faɗin kan bulon ce da milimita. Kile mai zobe, wanda ke rungume kan duka, ya fi mai buɗaɗɗen baki, wanda ke kama gefe biyu kawai. A aje awartaki da kile mai buɗewa da rufewa, su ke cinye kai.

5. San hannun da za ka juya. Ka fuskanci kan bulon. Yadda hannun agogo ke tafiya, haka ake ɗaurewa. Kwancewa kuwa baya ake komawa, ta hagu. Akwai ƙalilan masu juyayyen zare, kamar madubin dama na wasu moto.

6. Yi gaba, yi baya. Fara ɗaure shi kaɗan, kamar faɗin gashi, sannan ka kwance. In ya motsa ya sake cijewa, kada ka matsa. Ƙara mai, maida shi, sake fiddo shi, har ya saki.

7. Ƙara ma kile tsawo. Ana zura bututun ƙarfe ga hannun kile don babban noti kamar na ƙafa. A ja sannu, ba fizga. Ƙaramin bulon na kile 10 kaurin jikinsa milimita 6 ne kawai, bututu karya shi zai yi. In ka ji yana juyawa da laushi kamar danƙo, tsaya, karyewa yake shirin yi.

8. Wuta ita ce ta ƙarshe. Ƙarfe in ya ji zafi ya kan buɗe. Noti za a ɗumama, ko wurin da bulon ya shiga, ba bulon ɗin ba. Alminiyo ya fi baƙin ƙarfe buɗewa kusan ninki biyu, shi ya sa tafasasshen ruwa ma kan taimaka a jikin inji. Ga noti kuwa, maƙeri ya ɗora mashi jan ƙarfe daga wuta.

Hattara da wuta

Tururin esansi ba a ganinsa, amma yana kamawa daga nesa. Kafin a kawo wuta a fidda tanki a kai shi can gefe, a tsiyaye esansin da ya rage cikin karbirato, a goge kananzir ɗin da aka zuba. A yi aikin fili, nesa da rumbu da dangar kara da tarin harawa. A aje yashi kusa. A kiyaye taya da wayoyi da duk abin roba. Yara su ja baya.

In kai ya riga ya cinye, a goge gefe biyu da magagari har kile ya samu wurin kamawa, ko a sa kurfi a gefen a buga ta hannun kwancewa. In kuwa ya karye ciki, to aiki ya fi ƙarfin gida. A kai ma mai walda ya liƙa noti bisa guntun, zafin waldar ma yana sakin tsatsa. Kada a yi ta haƙa da ƙusa, za a ɓata ramin, gyara ya ninka kuɗi.

Buji kuma a bari inji ya huce kafin a taɓa ta. Wajen maida ta a fara da yatsu, in ta zauna sannan a sa kile.

Rigakafi

Duk bulon da ka fidda, goge shi, shafa mashi ɗan giris ko baƙin mai kafin ka maida, ka ɗaure daidai ba da fushi ba. Ranar da ka ɗauko taki ka wanke moto, ka bari ta bushe. Cikin bazara, tun ruwa bai sauka ba, ka gwada notin ƙafa da na gyaran sarƙa a inuwar gidanka. Kile 10 da 12 da 14, da wanda ya yi daidai da notin ƙafar motonka, su zauna cikin jaka kullum.

Wanda ya karanta wannan ya karanta ma maƙwabcinsa mai moto ko mai injin ban ruwa, don maganin ɗaya ne. Allah ya ba mu damina mai albarka.